Mai Dokar Cefane Ya Ɓuge da Tsire

Duk faɗin Kangire, in dai wa'azin abinci ake magana, ban ga magidancin da zai sha gabana ba. Malamin firamare ne ni, ina kuma taɓa noma, saboda haka na haɗa ilimin takarda da na gona. Na san abin da gero yake yi wa jini, na san amfanin wake ga yaro mai tasowa, na san dalilin da ya sa ake shanya zogale a inuwa. Abin da ban taɓa faɗa a aji ko a tsakar gida ba shi ne, mai wannan wa'azi in an idar da sallar isha'i ba gida yake dosa ba. Teburin mai shayi yake nufa, ya ratse ta wurin mai tsire, ya goge baki tas, sannan ya yi sallama a gidansa da fuskar wanda duniya ta yi wa zafi.

Bari in fara da wa'azin, tunda shi nake iya faɗa ba tare da sunkuyar da kai ba.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Kafin shuka ta kai gwiwa kuɗin mota zuwa Birnin Kudu ya tashi, kuɗin niƙa ya bi shi, mai awo ya fara amsa gaisuwa da "sai dai haƙuri". Zuwa tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce farashin abinci ya ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a kan na bara warhaka. Mu tukunya ta riga hukuma gaya mana. Abin haushi, ita 2023 ɗin ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe a matsayin shekarar gero. Mu da aka yaye da kununsa, sai da duniya ta gane darajarsa sannan ya soma fin ƙarfin aljihunmu.

Na tara iyalina, har da Inna da ke zaune tare da mu, na kafa dokoki. Shinkafa sai Juma'a. Taliya ta tafi hutu. Lemon kwalba, ko baƙo ne ya zo, a dama masa kunun tsamiya ko a jiƙa zoɓo. A rage dunƙule, daddawa ta dawo mazauninta. Wake kuwa kada rana ta fito ta faɗi bai shiga cikin yaran nan ba, ko ɗan wake, ko alala, ko tubani, ko a watsa shi cikin fate.

Kuma ina nan a kan bakana, dokokin masu kyau ne. Hatsi yana cika ciki, amma akwai wani ɓangare na sinadarin gina jiki da ya yi masa ƙaranci, wanda wake yake da shi a wadace. Abin da ya yi wa wake ƙaranci kuma hatsi yana da shi. In suka haɗu a kwano ɗaya sai su yi kusan aikin nama. Kakanninmu da suka dafa dawa da wake ba a takarda suka karanta wannan ba. Gero ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, sai dai muna surfe shi mu bakace mu ba awaki dusar, shi ya sa awakin gidana suka fi masu gidan sheƙi. Kanwa tana nunar da wake da wuri, amma in ta yi yawa tana kashe wasu bitamin, gara a jiƙa shi tun dare. Manja kada a soya shi har ya yi fari, jan nan shi ne abincin ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Ɗan birni yana jin haka sai ya tuna tuffa. Mu ga tafasa da lalo da damina ko sisi ba sa ci, ga rama da yakuwa a bayan ɗaki, ga kanya da magarya da ɗinya kowace da lokacinta.

Da kaka nakan shiga kasuwar Sara, can ƙasar Gwaram, in auni wake da waken suya tun farashi yana ƙasa, in ɗura a jarka in toshe bakin ruf. Ƙwaro in bai sami iska ba mutuwa yake, ba sai an barbaɗa wa abincin yara magani ba. Wannan dabara ta bakina ta shiga gidajen unguwarmu. Har "Malam Likita" wasu suke ce mini, ni kuma ba na hanawa.

To, ga yadda Malam Likita yake ƙarasa yininsa.

Tsakanin masallacinmu da gidana hanya biyu ce. Ta lungu gajeriya ce, ba komai a kanta sai duhu. Ta bakin titi ta fi nisa, a kanta kuma mai tsire ya kafa tukubarsa, daidai inda iska za ta kwaso hayaƙin ta kai shi har sahun ƙarshe. Ban taɓa yanke shawarar bin ta biyun ba. Ƙafata ce take yankewa, ni dai rakiya nake mata.

Niyyata kullum tsarkakakkiya ce: zan tsaya in ji labaran dare na BBC Hausa a rediyon mai shayi, tunda batir ya yi tsada. Ina zama a benci, kafin in gama amsa gaisuwa, sai in ji, "Malam, a haɗa na kullum?" Ban taɓa cewa e ba. Gyaran murya kawai nake yi, shi kuma ya daɗe da sanin abin da take nufi. Na kullum ɗin shi ne shayi haɗin kauri, sukari ba a ƙirga, da burodi, da wainar ƙwai mai albasa da attaruhu tana ninƙaya a mai. Ran da albashi ya shigo indomi ta shiga tsakani. Haka zan zauna rediyo yana ba da labarin tsadar rayuwa, ina girgiza kai, ina cewa "Allah Ya kawo mana sauƙi" da baki cike.

Shi mai tsire ba ya ma tambaya. Yankan ɗanɗano yake miƙo mini a tsinin wuƙa, ya ce, "Taɓa ka ji, Malam, yau tozo ne." Duk wanda ya ƙirƙiro al'adar ɗanɗano ya fi malaman tarbiyya sanin zuciyar ɗan Adam.

Kada a ɗauka ba ni da hujja. Mai nema sai da ƙarfi, in ginshiƙi ya faɗi ɗaki ya rushe. Hujja ce mai kyau, sai dai ni nemana riƙe alli ne, ita kuwa uwar yaran nan ga surfe ga daka ga ɗiban ruwa ga goyo, kuma ban taɓa jin ta nemi tozo ba. Sannan abin da zan iya saya ba zai ishi gida ba; in na shigo da tsinke biyu cikin yara rigima na sayo, gara in kashe fitinar tun a waje, a cikina. Na daɗe ina lissafa wannan cikin sadaukarwar da nake wa iyali. Akwai kuma wadda ba na faɗa ko a zuci sai can cikin dare: a teburin nan ne kaɗai ba mai ce mini sabulu ya ƙare, ko takalmin wane ya tsinke. A nan ni Malam ne, in ce a ƙara madara a ƙara. Ina jin rabin abin da nake saya ke nan. Sauran rabin kwaɗayi ne tsagwaronsa, ba sai an ɗinka masa riga ba. Lissafin ma na san shi: kuɗin zama ɗaya ya isa a auno waken suyan da za a yi awara kowa a gidan ya ƙoshi. Nakan yi wannan lissafi a hanyar komawa, bayan an lashe takarda.

Ɓatar da sawu shi ma fanni ne. Takardar tsire ba ta wuce kwatar bakin titi. Hannu a wanke a goge da ƙasa, don man ƙuli-ƙuli naci gare shi. Sai ƙwayar kanumfari a ƙarƙashin harshe. In na shiga, tuwon dawa da miyar kuka suna jirana a rufe a kwanon maigida, wanda aka fara zubawa, in da ɗan kifi a gidan a samansa yake. Sai in yi loma kaɗan, in ture, in yi ajiyar zuciya.

"Malam, ko miyar ce ba ta yi ba?"

"A'a, ta yi. Tunani ne ya cushe mini ciki. Ƙasar nan..." Sai in bar maganar a rataye.

Inna ce ta ɗauki lamarin da zafi. Ta ce ɗanta ba ya cin abinci, ta sa aka sassaƙo ɓawon maɗaci ta jiƙa, kullum safe ta tsaya a kaina sai na shanye. Ina sha ina yamutsa fuska ina godiya. Abin mamaki, mutumin da ba ya cin abinci sai ga wuyansa yana cika, tazugensa yana neman ƙari. Abokan aiki suka fara cewa, "Malam, kai dai tsadar nan ta karɓe ka." Na ce albarkar zogale ce.

Ciwon kai da jiri suka kai ni Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Likitan, yaro ne da na kusa haifa, ya ɗaura mini abin awo a dantse, ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Baba, jininka ya hau. A rage gishiri, a rage kitse, a rage zaƙi." Ya ƙara da abin da na sha faɗa wa wasu: gishiri kada ya kai giram 5 a rana, ƙaramin cokali ɗaya bai cika ba, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule da burodi da yaji, sukari kuma kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, in an tsaya a 6 ya fi. Na tuna hannun mai shayi a cikin gwangwanin sukari, na yi gum. Ya tambaye ni me nake ci da dare. Na ce tuwo. Ban yi ƙarya ba, ina taɓawa.

A nan na aikata abin da har yau in na tuna sai gumi ya karyo mini. Na dawo gida na tara jama'a, na ce likita ya ce gishirin gidan nan ya yi yawa. Ban kama suna ba, amma mai girki ɗaya ce. Ba ta ce uffan ba. Daga ranar miya ta koma lami, yara suna ci suna kallona, ni da na jawo abin ina taɓawa in ture, tunda na riga na ci nawa gishirin a bakin titi.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 64 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 37 ne. Jihar da take fitar da riɗi waje, zoɓorodonta yake kaiwa har Meziko. Talauci ne babban dalili, ba musu, da gurɓataccen ruwan sha, da cututtuka. Amma akwai wani dalili da na sani farin sani, saboda ni ne shi: yadda ake rabon ɗan abin da ya samu. Kwanon maigida ake fara cikawa, tsoka tasa ce, yaron da ƙwaƙwalwarsa take ginuwa a daidai lokacin shi ne na ƙarshe, tuwo da romo. Abin da yaro ya rasa daga shigar ciki zuwa cika shekara 2 da wuya ya rama shi. Ni kuwa da na gama girma tun kafin a yanke Jigawa daga Kano a 1991, kaso biyu nake ɗauka, na gida da na titi.

Ran da aka kai autanmu awo, ma'aikaciyar lafiya ta zagaya masa ma'aunin nan mai kore da rawaya da ja a dantse. Ya tsaya a kore, amma yana leƙen rawaya. Ta ce a riƙa dama masa kunun haɗi, gero da waken suya da gyaɗa a soya sama-sama a niƙa tare, wanda suke kira Tom Brown, a kuma ba shi ƙwai in da hali. Da saƙon ya iso ni sai na yi jawabi a kan farashin ƙwai, jawabi mai ratsa jiki. Inna ta kawo tata maganar ta mutanen da, wai yaron da aka saba wa da ƙwai ɓarawo yake zama. Ni dai shaida ne ba a ba ni ƙwai ina yaro ba, ga kuma yadda na ƙare.

Asirina bai tonu ta inda nake tsoro ba. Ranar 1 ga Agusta, 2024 aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa a faɗin ƙasa, abin ya rikiɗe a wurare da dama, aka yi asarar rayuka da dukiya, Gwamna Umar Namadi ya sa dokar hana fita a Jigawa. Ba abin wasa ba ne, kuma ba da shi nake wasa ba. Amma a ɗan ƙaramin lissafina, mai shayi ya kife benci, tukuba ta huce. Ga marka ta sauka, rumbu ya yi ƙasa. Na buɗe kwanon maigida da yunwa ta gaskiya, na share shi har da suɗi. Washegari ma haka.

Wata safiya ina alwala sai matata ta tsaya a bayana.

"Malam, wai dokar nan yaushe za a ɗage ta?"

Na ji daɗi matata tana bin al'amuran ƙasa. Na shiga bayani a kan tsaro da nauyin da ke kan gwamnati. Ta bari na kai aya.

"Ni ɗumamen yara nake tunani. Tunda ka dawo cin tuwo ba a kwana da komai. Da ragowarka suke karyawa."

Na ce ai lafiya ce ta samu, maɗacin Inna ya yi aiki.

"Malam, ni nake wanke rigunanka. Yaji a aljihu, maiƙo a bakin hannu. Kuma mutum ba ya ciwon haƙori kullum yana ƙamshin kanumfari?"

Ashe tun tafiya ba ta yi nisa ba ta gane. Ta auna ta ga faɗa ba zai dawo da kuɗin ba, sai ta shigar da kwaɗayina cikin tsarin gida. Tana cika kwanona yadda al'ada ta ce, ta ɗora kifin a sama kowa ya gani, ta san zai dawo, da safe ta ɗumama ta raba wa ƙananan, kifin kuwa na auta ne. Wato duk tsawon lokacin da nake taƙama da dokokina, sashen da ya fi kai abinci mai gina jiki bakin wanda ya fi bukata ba ni na tsara shi ba. Ni kwaɗayin kawai na ba da gudummawa. Gishiri kuma, ta ce, sai an ɗebi miyata ake ɗan sa wa ta yara, kallon da suke mini na tausayi ne. Na tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko Inna ta sani. Daga ɗaki Inna ta amsa: "Kai kana tsammanin maɗacin na ciwon ciki ne?"

Na so in ce daga ranar na tuba. Ana ɗage dokar ƙafata ta tuna hanyarta. Abin da ya canza shi ne yanzu akwai haraji. Gwamnatin Tarayya, a dokar kuɗi ta 2021, ta ɗora naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, masu fafutikar lafiya suna ta cewa ya yi kaɗan. Matata ba ta tsaya wasa ba, nata ɗari bisa ɗari ne. Kowane ƙwai da ya shiga cikina a waje, ɗan'uwansa zai shigo gida a aljihuna, ɗanye. Tsire kuma ana fansarsa da awon waken suya ko gyaɗa.

Tsarin ya fi duk dokokina aiki. Kunun haɗi bai yanke ba, auta ya koma tsakiyar kore, kuma da yake kowane zama ya koma kuɗi biyu, aljihu ya yi abin da likita da liman suka kasa: na rage. Jinin ma ya ɗan sauka, da taimakon ƙwayoyin da nake haɗiya. Da hatsi ya yi sauƙi a 2025 shinkafa ta sami ƙarin rana a mako, ba wanda ya nemi izinina.

Sai dai duk inda aka sa haraji ba a rasa mai zille masa. Da farko ni nake faɗar abin da na ci bisa amana, sai ƙwai biyu ya riƙa komawa ɗaya a hanya. Da aka fara sa ido a kan abin da ke fita daga aljihu, na koma cin bashi, a rubuta sai ƙarshen wata, ba kuɗi ba shaida. Na yi ta jin daɗin wannan dabara har na soma tunanin koya wa wasu magidanta. Abin da ban bincika ba shi ne inda littafin bashin yake kwana. A gidan mai shayi yake kwana, matarsa kuwa ita ce uwar adashin da matata take zubi.

Ran Juma'a bayan an sauko aka miƙo mini takarda da aka yago daga littafin makaranta, an kwafe komai rana da rana, har da daren da na ce na tsaya ta'aziyya. Na sa tabarau na bi ta layi-layi ina neman kuskure ko ɗaya da zan kafa hujja da shi. Babu. Ɗan mai shayin ne yake rubutawa, ɗalibina ne kuma, ni na koya masa tarawa. Na roƙi a ɗaga mini ƙafa zuwa albashi. An ce za a duba, amma akwai tara.